Ranar da Asma'u ta zo cike fom

Rumbun bayanai kamar mai shagon unguwa yake, irin wanda ba ya yi wa saƙo kara. Abin da ɗan aike ya faɗa shi zai yi, in kuwa maganar ta karkace ko kaɗan, sai ya kora shi gida hannu rabbana. Fom ɗin da ake cikewa a intanet shi ne ɗan aiken, yaren da suke yi kuma SQL.

A yaren nan, suna yakan zauna ne tsakanin waƙafin sama guda biyu, ɗaya ya buɗe, ɗaya ya rufe. Mai haɗa manhaja ya gwada da Musa, ya gwada da Binta, lafiya lau. Sai Asma'u ta zo. Waƙafin da ke cikin sunanta ya rufe maganar a kan "Asma", ragowar ta tsaya zuru ba mai ita, rumbun, wato MySQL, ya maido da kuskure mai lamba 1064. Sa'adu, Ja'afar da Mas'ud duk haka za su sha.

Kafin ka taɓa komai, sa manhajar ta nuna maka ainihin jimlar da ta aika. Inda MySQL ya nuna da yatsa nan ya cije ne kawai, ɓarnar galibi tana baya kaɗan: waƙafin da aka manta, ko wani gurbi da aka raɗa wa suna ORDER, alhali kalmar ta yaren ce.

Wasu sai su goge waƙafin daga sunan mutane. Wannan ganda ce, kuma ba ta toshe wa ɓarawo kowace kafa. Ɗan aiken da ke haɗa maganar uwarsa da ta duk wanda ya tare shi a hanya, wata rana ɓarawo zai ƙara masa da "a ba shi littafin bashi ma". Ta irin wannan kafa aka shiga kamfanin TalkTalk na Ingila a 2015, aka ci shi tarar fam 400,000.

Maganin shi ne uwar gida ta riga ta shirya da mai shago: ga abin da za a yi, yaro zai kawo suna kawai a takarda. A yaren PHP, kayan aikin PDO da mysqli duk suna yin haka. Sai ka aika jimlar da alamar tambaya a gurbin suna, sunan ya biyo daga baya, ko waƙafi nawa ne a ciki rumbun zai ajiye shi yadda mai shi ya rubuta.