Ma'ana da Amfanin Salon Maganar Nan ta Ingilishi: "Give a Wide Berth"

A cikin wannan ɗan bayani za mu duba wani salon magana na Ingilishi wanda yakan ba ɗalibai da masu fassara wahala, wato "give a wide berth". Ma'anarsa ita ce mutum ya yi nesa da wani mutum ko wani abu don gudun sharrinsa.

Asalin maganar daga bakin matuƙan jiragen ruwa na Ingila ta fito. A ƙarni na 17 kalmar "berth" tana nufin filin da ake bar wa jirgi a kan ruwa, domin in ya yi anga, iska ko igiyar ruwa ta juya shi, kada ya bugi dutse ko wani jirgin. Daga baya ne aka ari maganar aka ɗora ta a kan hulɗar mutane.

Kurakuran da aka fi yi guda uku ne. Na farko, rubuta "birth" a madadin "berth". Lafazinsu ɗaya ne, amma "birth" haihuwa ce, ba ta da alaƙa da wannan zance. Na biyu, sanya "from" a bayanta. Turawa sukan ce "give him a wide berth", ko kuwa "give a wide berth to him". Na uku shi ne mafi hatsari: ɗaukar maganar da ma'anar sakar wa mutum mara ya yi yadda ya so. In tafinta ya fassara ta haka, ya juya gargaɗi ya koma izini ke nan.

To, yaya za mu faɗe ta da Hausa? Alal misali, in aka ce "give that dog a wide berth", sai mu ce "yi nesa da karen nan" ko "kauce wa karen nan". "Raba gari" da "yin hannun riga" ba su dace ba, domin su suna nuna da can ana tare sannan aka rabu. Ita kuwa wannan magana tana hana kusanta ne tun da fari, kamar yadda Bahaushe kan ce maganin kar a yi, kar a fara.

Saboda haka, wajibi ne mai fassara ya binciki asalin salon magana kafin ya zaɓa masa takwara a Hausa.