Dajin Da Ke Ƙarƙashin Ƙasa: Daga Maraɗi Zuwa Suleja

Daga Wakilinmu, Suleja

Duk wanda ya bi hanyar Suleja zuwa Minna, ko ya miƙa ta Tafa ya nufi Kaduna, ba zai rasa ganin buhunan gawayi jere a bakin titi ba, suna jiran motocin Abuja. Tun da aka yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, balle da Gwamnatin Tarayya ta tare a 1991, dajin wannan yanki ne yake hura murhun birni. Ƙirya ta yi wuyar gani, har gatari ya koma kan kaɗanya da ɗorawa, waɗanda a da ko yaro ya san ba a taɓa su.

To, masu cewa abin ya fi ƙarfin magani, sai su saurari labarin maƙwabtanmu na Maraɗi, cikin Jamhuriyar Nijar, inda ɓarnar ta fi tamu nesa ba kusa ba.

Cikin 1981 wani malamin gona mutumin Ostiraliya, Tony Rinaudo, ya sauka Maraɗi a ƙarƙashin mishan ta SIM, aka ɗora shi kan aikin dashen itatuwa. Ya yi ta renon dashe yana rarraba wa ƙauyuka, amma a banza. Wanda rana ta bari gara ta ci, wanda gara ta bari awaki suka gama da shi. Su kuwa manoma ba su damu ba, gama an daɗe ana koya musu cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal.

Ran nan cikin 1983 ya tsaya a hanya zai rage iskar tayar motarsa saboda yashi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro. Da ya duba da kyau, ashe kututturen itacen da aka sare ne yake tofo, saiwarsa na nan da ranta. Watau dajin bai mutu ba, yana ƙarƙashin ƙasa, kowace shekara ya ɗago kai a sassabe shi a ƙone.

Dabarar ba ta bukatar ko anini. Manomi zai zaɓi rassa biyu ko uku mafiya ƙarfi a kowane kututture ya bari, ya datse sauran, ya yi musu aski har su miƙe. Da yake tsohuwar saiwa ta riga ta kai ga laima, sai su yi girman da dashe ba ya yi. Manoman can suna kiransa sassaben zamani.

Da farko dariya aka yi masa. Yunwar 1984 ce ta buɗe ƙofa, sa'ad da mishan ta riƙa ba da hatsi ga wanda ya yarda ya bar itatuwa a gonarsa. Gaskiya ɗaya ce, da yunwa ta wuce mafi yawansu sun koma sun sare. Amma waɗanda suka daure sai suka ga iska ta daina binne musu shuka, mata sun huta da tafiyar neman itace, dabbobi sun sami abinci da rani. Gawo kuma, da yake da damina yake zub da ganye, sai ya zama taki ga gero maimakon inuwa. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya, har abin ya kai Damagaram.

Daga baya masana suka gwada da hotunan sama, suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin. Abin lura, ma'aikacin coci ne ya kawo shawarar, amma hannayen da suka yi aikin kusan duk na manoma Musulmi ne, kuma ba a ji gawo ya tambayi addinin mai gona ba.

Ruwan saman Suleja ya fi ninki biyu na Maraɗi, saboda haka kututturenmu ya fi nasu saurin tofo. Wuyar tana wani wuri. A Nijar aikin bai kankama ba sai da manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, ma'aikacin daji ba zai ci shi tara in ya sari reshe ba. Mu nan ga gobarar daji da kaka, ga mai gawayi da zarto cikin dare, ga kuma mai noman aro wanda bai san ko baɗi gonar tana hannunsa ba. Wannan magana ce ta masu unguwa, da dagatai, da fadar Sarkin Zazzau Suleja, kuma gara a zauna a kanta tun ba a shiga sharar gona ba.