Daga Mahahual zuwa Tsafe: garuruwan da ke cin abinci da matafiya

A gaɓar Tekun Karibiyan, a kudu maso gabashin ƙasar Meziko, akwai wani ɗan ƙaramin gari mai suna Mahahual, wanda mazaunansa ba su kai 3,000 ba a ƙidayar shekarar 2020.

Amma a rana guda jiragen ruwa na 'yan yawon buɗe ido kan sauke mutanen da suka ninka yawan 'yan garin, su yini, kafin magariba kuma su ɗaga.

Jihar Zamfara ba ta da teku. Sai dai garuruwan Tsafe da Gusau da Bungudu, waɗanda ke jere a kan babbar hanyar Funtua zuwa Sakkwato, sun san irin wannan rayuwa, ta mutanen da abincinsu ke hannun wanda ya tsaya na ɗan lokaci ya wuce.

Abin da ya sami Mahahual cikin shekaru ashirin da suka wuce na iya taimakawa wajen fahimtar halin da waɗannan garuruwa suke ciki.

Garin masunta da ya zama zango

Har ƙarshen shekarun 1990 Mahahual ƙauyen masunta ne. A shekarar 2001 aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Costa Maya kusa da shi, kuma a yanzu fiye da mutum miliyan ɗaya ke sauka a can duk shekara, akasarinsu daga Amurka.

Jiragen tamkar unguwanni ne masu tafiya a kan ruwa, da ɗakunan kwana da wuraren cin abinci da shaguna. Fasinja ya riga ya biya kuɗin kwanansa da abincinsa tun kafin ya baro gida, saboda haka ba ya buƙatar masauki a garin.

In ya sauka ma, abin da zai fara tararwa shi ne harabar tashar, wadda aka kewaye, aka cika da shaguna da wuraren ninƙaya. Da yawa daga cikin baƙin a nan suke kashe kuɗinsu su koma jirgi, ba tare da sun taka cikin gari ba.

Waɗanda suka fita su ne rabon direbobin tasi da masu gidajen abinci da masu sayar da kayan hannu.

Sau biyu garin ya ga abin da dogaro da baƙi ke jawowa. A ranar 21 ga watan Agustan 2007 guguwar Dean ta afka wa yankin, ta rushe gidaje da tashar, jirage suka daina zuwa har fiye da shekara guda. A watan Maris na 2020 kuma annobar korona ta tsayar da jiragen baki ɗaya, ba su dawo ba sai tsakiyar 2021.

A duka lokutan biyu, kamfanonin sun karkatar da jiragensu ko sun ajiye su. Mutanen garin kuwa ba su da inda za su karkata.

Tun zamanin fatake

Cin abinci da matafiya tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Ayarin fataken da ke zuwa Gwanja sayo goro a ƙarƙashin jagorancin madugu yakan yada zango a bakin gari, ya kwana, wani lokaci ya yi kwanaki.

Daga nan ne unguwannin Hausawa a Ghana da Togo suka samo sunan Zango.

Amfanin da gari ke samu a wancan zamani yana da yawa, domin baƙon yana daɗewa. Mai masauki ya samu, dillali ya karɓi la'ada, mata su sayar da fura da tuwo, manomi ya sayar da harawa saboda jakuna, sarki kuma ya karɓi nasa kason.

Akwai kuma baƙin da ilimi ke kawowa. 'Yandoto, wadda ke ƙaramar hukumar Tsafe a yau, ta yi suna a matsayin garin malamai tun kafin jihadi, kuma ɗalibai kan zo su shekara. Daga can Malam Sambo Ɗan Ashafa ya taso ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19.

Jirgin ƙasa ya ɗaga Gusau

Gusau ta zama babban gari ne bayan da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa layin dogo daga Zariya, ya bi ta Funtua da Tsafe da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929.

Da yake layin bai kai Sakkwato ba, gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga na lardin duka sai an kawo su Gusau ko Ƙaura kafin a yi kudu da su.

Kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt sun buɗe kantuna, Kwarori da Yarbawa da Ibo suka zo suka zauna, Sabon Gari ya cika. Daga baya aka sami injin gurzar auduga da masaƙa da kamfanin matsar mai.

Abin lura shi ne waɗannan baƙi sun zo ne su saya, su sarrafa, su zauna. Wannan ne ya bar wa Gusau unguwanni da masana'antu.

Da harkar jirgin ƙasa ta durƙushe daga shekarun 1980, gyaɗa da auduga suka ja baya, masana'antun suka bi sahu. Zaman Gusau hedkwatar sabuwar jihar Zamfara a ranar 1 ga watan Oktoban 1996 ne ya sake kawo mata ma'aikata da ofisoshi.

Minti ashirin a bakin titi

Bayan jirgin ƙasa, mota ce ta gaji matafiya. Duk wanda ya taso daga Kano ko Kaduna ko Abuja za shi Sakkwato ko Birnin Kebbi, galibi sai ya ratsa Tsafe, mai tazarar kimanin kilomita 50 kafin Gusau, sannan Bungudu, kimanin kilomita 20 bayanta.

Matafiyin mota bai da lokacin bafatake. Direba zai tsaya a yi salla, a sha mai, a ci abinci, cikin minti ashirin ko talatin an wuce.

A cikin waɗannan mintoci ne mai tsire da mai shayi da mai rake da 'yan talla da mai faci da bakanike da ɗan kamasho suke neman abin kai wa gida.

Kamar yadda yake a Mahahual, wanda ke riƙe da abin hawa shi ke yanke inda kuɗin zai sauka. Direba ne ke zaɓar inda zai taka birki, kuma yakan tsaya ne inda ya saba da mai abinci. Manyan gidajen mai da suka haɗa masallaci da shago da wurin cin abinci a harabarsu suna riƙe fasinja a ciki, yaron da ke ɗauke da faranti a waje kuma sai dai ya leƙa ta tagar mota.

Lokacin da tsayawa ta zama haɗari

Guguwar da ta afka wa waɗannan garuruwa ita ce ta 'yan bindiga. Cikin shekarun baya hanyar Funtua zuwa Gusau, musamman tsakanin 'Yankara da Tsafe, ta yi ƙaurin suna wajen tare motoci da sace mutane domin neman kuɗin fansa.

Direban da ke tsoron kada la'asar ta riske shi a daji ba ya tsayawa sayen tsire. Tafiyar dare, wadda a da ke raya masu shayi har asuba, ta ragu ƙwarai.

Matakan da hukumomi suka ɗauka ma sun taɓa masu wannan sana'a. A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Bello Matawalle, an katse layukan wayar salula a jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da fetur a jarka. A watan Afrilun 2024 kuma gwamnatin Dauda Lawal ta ba da umarnin hana zirga-zirgar dare a kan iyakokin jihar da Katsina da Sakkwato.

A tsakanin nan, janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ninka kuɗin mota, abin da ya rage wa fasinja canjin da zai kashe a hanya.

A 2024 aka aza harsashin sabon filin jirgin sama a Gusau. Aikin na iya sauƙaƙa wa jihar hulɗa da waje, amma duk mai halin da ya hau jirgi ya fita daga cikin waɗanda za su tsaya a Tsafe.

Me gari zai iya riƙewa?

A Meziko, muhawarar ta koma kan yadda ƙasa za ta sami kaso daga baƙin da ba sa kwana. Majalisar dokoki ta amince da harajin dala 42 a kan kowane fasinja a ƙarshen 2024, amma bayan matsin lambar kamfanonin jiragen aka fara da dala 5 a watan Yulin 2025. Wannan ya nuna ƙarfin wanda ke iya canza hanya a kan wanda ke zaune wuri guda.

Tarihin Gusau ya nuna cewa yawan masu wucewa bai kai tsawon zamansu muhimmanci ba. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, ko na kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe, yana kama haya, yana cefane har tsawon shekaru. Ɗan kasuwar da ya zo sayen wake ko dawa ko dabbobi yana barin kuɗinsa a hannun manomi da makiyayi.

Yankin yana da abin da zai iya tsayar da baƙo. Dutsen Kwatarkwashi da ke ƙaramar hukumar Bungudu, wanda ya shahara da bikin kamun maiki a da, ana hango shi daga kan titi. Kufan tsohuwar 'Yandoto ma ba shi da nisa da hanya.

Sai dai babu wanda zai sauka ya hau dutse a inda direbobi ke gudun tsayawa. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Ga masu sana'ar bakin titi a Tsafe da Bungudu, buƙata ta farko ita ce hanyar ta yi lafiyar da direba zai kashe mota ba tare da duba agogo ba.