Tsakuwar Ƙoda: Abin da Hoton Asibiti Ba Ya Nunawa

Hoton asibiti yana nuna girman tsakuwar ƙoda da inda ta maƙale, amma ba ya nuna daren da majinyaci ya kwana yana juyi, ko ranakun kasuwa da suka wuce shi. Domin cike wannan giɓi, a shekarar 2013 Kristina Penniston da Stephen Nakada na Jami'ar Wisconsin a Amurka suka fito da WISQOL, takarda mai tambayoyi 28 da majinyaci ke amsawa da kansa. Tana tambayarsa game da barci, gajiya, yawan fitsari, aiki, zumunci da fargabar dawowar ciwo. Fargabar kuwa tana da dalili: kusan rabin waɗanda suka taɓa yin tsakuwa sukan sake yi cikin shekara goma.

A nan Sahel, inda zafi ke rage ruwan jiki har tsakuwa ta samu damar taruwa, mun saba yabon mai ɓoye ciwo. Alhali likita yana buƙatar bayanin majinyaci kafin ya zaɓi magani. Mu ƙarfafa majinyatanmu su faɗi duk abin da ke damunsu, mu kuma ajiye musu ruwan sha kusa da hannu.