Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Mu Adana Abin Da Ke Cikin Wayoyinmu

A yau da wuya a shiga gida a Gusau, ko Tsafe, ko Bunguɗu, a rasa wayar hannu irin ta shafawa. Abubuwan da iyayenmu suke kullewa a akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, watau hotunan biki, da takardun makaranta, da littafin bashi, da adireshin 'yan'uwa, yanzu yawancinsu sun koma cikin wannan ɗan abin da bai fi tafin hannu ba. Sauƙi ya samu, babu shakka. Sai dai akwatin ƙarfe ba ya suɓucewa daga aljihu ya faɗa rijiya, ba a kuma zare shi a tashar mota. Waya kuwa, rana ɗaya ta isa a wayi gari babu ita, tare da dukan abin da aka shekara biyar ana tarawa a cikinta.

A wurinmu mutanen Zamfara maganar ta wuce ta ɓarawon tasha. Fiye da shekara goma ke nan jihar tana fama da 'yan bindiga. Iyalai da yawa daga ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu sun bar gidajensu da dare, daga su sai tufafin jikinsu, sun nufi Gusau ko wasu garuruwa. Matafiya a hanyar Funtuwa zuwa Gusau, wadda ta ratsa Tsafe da Kwatarkwashi, sun san ba kullum ake isa da kayan da aka taso da su ba. Wanda ya tsira da ransa ya gode Allah, amma bayan kwana biyu tambaya za ta taso: ina takardar shaidar gama makarantar yaro? Ina takardar gona? Ina lambar ɗan'uwan nan da ke Kaduna? Saboda haka muka ga ya kamata mu yi wa masu karatu bayanin wata hanyar ajiya da take cikin kowace wayar zamani, wadda da yawanmu ba mu taɓa buɗewa ba.

Rumbu a wani gari

Turawa sun raɗa wa wannan ajiya suna "gajimare", amma kada sunan ya ruɗe mu, babu abin da ake ratayewa a sama. Manyan gine-gine ne a ƙasa, cike da kwamfutoci masu aiki dare da rana, mallakar kamfanoni irin su Google da Apple da Microsoft. Idan mutum ya kunna ajiya a wayarsa, duk hoton da ya ɗauka sai wayar ta aika da kwafinsa ta intanet zuwa can, a ajiye masa da sunansa. Manomi zai fi gane abin idan muka ce rumbu ne na biyu da aka gina masa a wani gari: ko gobara ta ci na gida, na can yana nan. In waya ta ɓata, sai a sami wata, a shigar da adireshin imel da kalmar sirri, kaya su dawo.

Yawancin wayoyin da ke hannunmu, irin su Tecno da Infinix da Itel da Samsung, da tsarin Android suke aiki, kuma asusun Google, watau adireshin Gmail, shi ne ƙofar rumbunsu. Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, amma wurin na haɗaka ne tsakanin saƙonnin Gmail, da takardun Google Drive, da hotunan Google Photos. Masu iPhone gigabait 5 ne rabonsu a iCloud, haka ma OneDrive na Microsoft. Idan muka ƙaddara kowane hoto megabait 3 ne, gigabait 15 za ta ɗauki hotuna kamar 5,000, wanda ya ishi iyali idan an yi tattali. Bidiyo shi ne mai cinye wuri, domin na biki guda ɗaya yana iya cin wurin ɗaruruwan hotuna.

Akwai canje-canje biyu da ya kamata a sani. A dā Google Photos yana karɓar hotuna kyauta ba iyaka, amma daga ranar 1 ga Yuni 2021 an daina, kowane sabon hoto yana shiga lissafi. Haka nan daga shekarar 2024 ajiyar WhatsApp a wayoyin Android ita ma ta shiga cikin gigabait 15 ɗin. Idan wuri ya cika, ajiya takan tsaya, har saƙon imel ma ya daina shigowa, mai waya kuwa yana zaune yana zaton komai lafiya.

Me za a fara ajiyewa?

Shawararmu ita ce a fara da takardu, domin su ne masu wuyar mayarwa kuma ba su da nauyi. A shimfiɗa su a wuri mai haske a ɗauki hotonsu gaba da baya: takardar haihuwa, da sakamakon WAEC ko NECO, da takardar lambar NIN, da katin zaɓe, da takardun fili ko gona, da takardar ɗaukar aiki ko ta fansho, da katin asibiti, da takardar baftisma da ta aure. Manhajar Google Drive tana da hanyar ɗaukar takarda da kyamara ta haɗa shafuffuka wuri ɗaya. A ba kowace suna mai ma'ana, a buɗe wa kowane yaro jakarsa.

Hoton takarda ba zai zama takardar asali ba, wannan gaskiya ne. Amma wanda ya taɓa neman madadin takardar da ta ƙone ya san abin da ake fara tambaya shi ne lamba da shekara. Tun 2022 hukumar WAEC ta buɗe hanyar samun takardar shaida ta intanet ga waɗanda suka rubuta jarrabawa daga 1999 zuwa yau, kuma mai lambar jarrabawarsa a hannu ya rage wa kansa rabin wahala.

Na biyu lambobin mutane. Da yawanmu a kan sim ko a cikin wayar kanta muke ajiye su. A shiga sashen lambobi a mayar da su kan asusun Google, ta yadda kowace sabuwar lamba can za ta tafi. Na uku hotuna: a buɗe Google Photos, a taɓa alamar asusu da ke sama ta hannun dama, a kunna ajiya. Kalmar da za a nema a jikin wayar ita ce Backup. Akwai zaɓin rage nauyin hoto, wanda ido ba zai ga bambanci sosai ba, yana kuwa sa wuri ya daɗe bai cika ba. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, ba ƙaramin abu ba ne a bar waya tana aika bidiyo da datar rana. A saita ta sai an sami Wi-Fi, ko a jira datar dare mai rahusa.

A nan akwai kuskure biyu da ake yawan yi. Na farko, wasu suna tura hoto zuwa zauren WhatsApp na iyali su ce sun ajiye. WhatsApp ɗan aike ne, da zarar ya isar da saƙo ba ya riƙe shi a wurinsa. Sai an shiga saitinsa an kunna ajiyar hira ne ake samun kwafi a rumbu. Na biyu, idan aka goge hoto daga cikin Google Photos, yakan goge a waya da rumbu gaba ɗaya. Yana ɗan zama a kwandon shara na 'yan makonni, bayan nan ya tafi ke nan.

Makulli a hannun wa yake?

Rumbu komai ƙarfinsa, idan makulli ya ɓata ko yana hannun wani, sunansa ba naka ba. Abin da ke faruwa a kasuwanninmu shi ne, mutum ya sayi waya, yaron shago ya buɗe masa Gmail nan take domin a sauke WhatsApp, ya ƙirƙiri kalmar sirri daga kansa, mai waya ya tafi bai san adireshin ba balle kalmar. Ranar da wayar ta ɓata, kayan suna can a ajiye amma babu hanyar shiga. Duk wanda haka ta same shi, ya canza kalmar sirrin tun wayar tana hannunsa. Kada ta zama ranar haihuwa ko lambar waya. A rubuta adireshin da kalmar a takarda, a ajiye inda ba a ajiye wayar, a kuma sanar da mutum ɗaya amintacce, miji ko mata ko babban ɗa, domin rai ba a bakin komai yake ba.

Makulli na biyu shi ne layin waya, domin ta nan kamfani yake aiko da lambar tabbatarwa. Idan waya ta tafi da sim a cikinta, sai an dawo da layin, kuma tun da aka fara haɗa layuka da lambar NIN a Disambar 2020, dawo da layin da aka yi wa rajista da sunan wani ya zama aiki ja. Kowa ya tabbata layinsa da sunansa yake. Layin da aka yi watanni ba a amfani da shi ma kamfani yana iya ba wani. Daɗin daɗawa, Google yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10 ga wanda ya kunna tabbatarwa mai hawa biyu. A kwafe su a takarda, za su buɗe asusu ko babu layi. Kuma tun Disambar 2023 kamfanin ya fara aiki da dokar cewa asusun da aka shekara biyu ba a shiga ba ana iya rufe shi da duk abin da ke ciki.

Kada kuma a manta da kulle fuskar wayar da lamba ko zanen yatsa. Wayar da ba ta da kulle, wanda ya ɗauke ta ya sami hotuna da saƙonnin banki da lambobin dangi a ɓagas. Duk wanda ya bugo waya yana neman a karanta masa lambar da aka aiko ta saƙo, ko da ya ce daga kamfani ne ko daga wani zauren zumunta, ɗan damfara ne.

Darasin shekarar 2021

Mu a Zamfara mun san wani abu game da wannan rumbu wanda masu tallarsa ba su cika faɗa ba, wato hanyar zuwa can tana iya rufewa. A ranar 3 ga Satumba 2021 hukumar NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su kashe sabis a duk faɗin jihar, bisa roƙon gwamna na lokacin, Bello Matawalle, domin a taimaka wa jami'an tsaro. Da fari mako biyu aka ce. Gusau ba ta sami sabis ba sai 1 ga Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa, har da Tsafe da Bunguɗu, sai a ƙarshen Nuwamba aka ba da sanarwar dawo masu da shi. A tsawon wannan lokaci mutane sun riƙa fita jihar domin kira ɗaya ko tura kuɗi. Wanda takardarsa take rumbun intanet kaɗai, yana da ita amma ba ya iya taɓa ta.

Ba mu kaɗai ba ne. A ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar bankuna da sadarwa ta rikice a Nijeriya da maƙwabtanta. Shi kansa rumbun gini ne, wuta tana iya cinsa: a Maris 2021 gobara ta cinye wata cibiyar ajiya ta kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri suka yi asara.

Saboda haka masana suke cewa a riƙe kwafi uku na duk abu mai muhimmanci. A wurinmu ma'anarsa ita ce ɗaya a waya, ɗaya a rumbun intanet, ɗaya kuma a memori ko filash, ko a takarda da aka yi wa hoto, a ba wani ɗan'uwa da ke wani gari ya riƙe. Google Drive ma yana da zaɓin da ke sa takarda ta buɗu ko babu sabis. A yi wa muhimman takardu haka, a kuma rubuta lambobin mutum goma na kusa a ɗan littafi, kamar yadda ake yi a dā.

Aikin da ke gaban ikkilisiyoyi

Ikkilisiyoyi ma suna da nasu kayan. Littattafan rajistar baftisma da aure, da takardun filin majami'a, da rahoton taron dattawa, galibi kwafi ɗaya ne a kabad ɗin ofis. Ya kamata sakataren ikkilisiya ya ɗauki hotonsu shafi-shafi, ya ajiye a asusun da aka buɗe da sunan ikkilisiyar, ba nasa na kansa ba, kuma dattawa biyu ko uku su san makullin, domin ana canza wa ma'aikaci wurin aiki. Jerin sunayen mambobi da lambobinsu kuwa amana ne, a halin da ake ciki ba abin watsawa a zauren WhatsApp ba ne.

Zumuntar matasa tana iya keɓe Lahadi ɗaya bayan sujada ta zauna da iyaye da zumuntar mata, a bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Sharaɗin shi ne mai waya ya zaɓi kalmar sirrinsa da kansa, mai taimako ya kau da kai. Aikin bai fi rabin awa ba ga kowace waya, kuma amfaninsa bai tsaya a ƙofar majami'a ba, maƙwabci ma a nuna masa. Bayan an kunna, a riƙa dubawa sau ɗaya a wata ko ajiyar tana tafiya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa a wannan yanki ba kullum ake sanar da mu ranar tafiyar ba. Mai karatu, tun wayar tana hannunka, fara da takardun yaranka a daren yau.