Kyamara Mai Madubi da Marar Madubi: Canon 5D Mark III da Canon R6

A watan Satumba na 2008, kamfanoni biyu na ƙasar Japan suka fito da sababbin kyamarori. Canon ya kawo EOS 5D Mark II, jibgegiyar kyamara mai madubi wadda kyan bidiyonta ya girgiza masu shirya fim, har a 2010 aka ɗauki kashin ƙarshe na zango na shida na shirin talabijin ɗin Amurka mai suna House da ita. Panasonic kuwa ya kawo Lumix G1, 'yar ƙarama da aka cire wa madubi gaba ɗaya, ƙwararru da yawa suka ɗauke ta kayan 'yan koyo. Shekara goma sha biyu bayan haka, a 2020, alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, wato CIPA, suka nuna cewa a karon farko marasa madubi da aka fitar kasuwa sun zarce masu madubi yawa.

Wannan sauyi ne ya bar mai hoto na yau da zaɓi biyu a gabansa: ya sayi tsohuwar kyamarar ƙwararru ta hannu da sauƙin kuɗi, ko ya tara ya sayi ta zamani. Kyamarori biyu na gida ɗaya sun isa misali: Canon EOS 5D Mark III ta 2012, da Canon EOS R6 ta 2020. Dukkansu girman sensa, wato ɓangaren da haske ke sauka a kai ya zama hoto, ɗaya ne, kimanin milimita 36 a 24, daidai da fim ɗin da aka saba da shi a da. An fara sayar da ta farko a kan dala 3,499, ta biyu a kan dala 2,499.

Aikin madubi

A cikin 5D, haske yana shigowa ta lens ya faɗa kan madubi da ke jingine a karkace. Madubin ya tura shi sama cikin wani dunƙulen gilashi mai kusurwa biyar, daga nan ya fito ta tagar da mai hoto ke sa ido. Abin da idonsa ke gani zahirin abin da ke gabansa ne, ba hoton lantarki ba. Da ya danna maɓalli, madubi ya ɗaga, shota ta buɗe, haske ya taɓa sensa, madubi ya dawo. Ƙarar nan da ake ji a taron manema labarai ta wannan hawa da sauka ce. Tsari ne tsoho ƙwarai, wanda Nikon F ta 1959 ta kafa shi a hannun 'yan jarida tun zamanin fim.

A cikin R6 babu ko ɗaya daga waɗannan. Haske yana wucewa kai tsaye zuwa sensa, sensa ta mayar da shi hoto, a nuna shi a wani ɗan allo da ke cikin tagar leƙe. Kusan duk wani bambanci tsakanin kyamarorin biyu daga nan ya samo tushe.

Na farko shi ne jiki. Da aka cire madubi, tazarar da ke tsakanin bakin lens da sensa ta ragu daga milimita 44 zuwa 20. Nauyin 5D Mark III da batir da kati ya kai giram 950, na R6 kuwa 680. Wanda ya wuni da kyamara rataye a wuya ya san darajar wannan rangwame, ko da yake manyan lens na zamani sukan cinye shi, don gilashi mai kyau bai daina nauyi ba.

Inda tsohuwa ba ta ji kunya ba

Mai tsammanin sabuwa ta fi yawan megafiksel zai sha mamaki. 5D Mark III tana da 22.3, R6 tana da 20.1. In aka tsayar da mutum a haske mai kyau, aka ɗauke shi da lens ɗaya a kan kyamarorin biyu, aka wanke hoton aka sa a firam, da wuya mai kallo ya ce ga wadda ta ɗauki wannan. Launin fata da 5D ke bayarwa shi ya sa ta yi suna wurin masu hoton biki a duniya, kuma shekaru ba su rage shi ba.

Sai batir. Leƙe ta madubi ba ya cin wuta, don sensa tana barci har sai an danna. A ma'aunin CIPA, caji ɗaya yana ba 5D Mark III hoto kimanin 950. R6 kuwa, da yake sensa da allo suna kunne muddin ana leƙe, ba ta kai 400 ba ta taga, ta allon baya kuma wajen 500. A aikace akan samu fiye da haka, amma ratar tana nan. Ga mai aiki a inda wutar lantarki ba ta da tabbas, ko mai bin biki zuwa ƙauye ya kwana biyu, wannan magana ce babba, kuma ma'anarta ƙarin batir biyu ko uku a jaka.

Ƙura ma tana da nata hukunci. A lokacin hunturu, duk sauya lens a fili buɗe ƙofa ne ga ƙurar da iska ke ɗauke da ita. A 5D madubi da shota suna tare gaban sensa. A marasa madubi da yawa, da an cire lens sensa ce tsirara a bakin rami. Canon ya rage wannan matsala a R6 ta hanyar sa shota ta rufe idan an kashe kyamara, sai dai labulen shota abu ne marar ƙwari, yatsa ɗaya zai lalata shi.

Inda sabuwa ta yi nisa

Babbar ratar tana wurin fokas. A 5D, ba sensar hoto ce ke auna nisa ba. Wata 'yar na'ura ce daban a ƙasan akwatin madubi, wadda wani ƙaramin madubi ke aika wa haske. Tana da ɗigo 61, adadin da ya burge kowa a 2012, amma duk sun taru a tsakiyar hoto. Kuma tunda mai auna nisa daban, mai ɗaukar hoto daban, ƙaramin saɓani tsakaninsu yakan sa fokas ya sauka a kunne maimakon ido. Shi ya sa kyamarar take da wurin daidaita kowane lens da hannu.

A R6 sensar da ke ɗaukar hoton ita ce ke auna nisa, saboda haka wannan saɓani bai taso ba. Fokas ɗinta ya mamaye kusan dukkan faɗin hoto, tana gane fuska da idon mutum, tana gane kare da kyanwa da tsuntsu, ta kama ido ta bi shi duk inda ya nufa. A ɗauki hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zariya, lokacin da mahaya suka sako dawaki a guje don jafi. Mai 5D sai ya riƙe ɗigon fokas a kan mahayi da ƙwarewar hannunsa, yana samun hoto 6 a daƙiƙa. Mai R6 yana samun 12 da shota ta ƙarfe, ko 20 da ta lantarki, kyamarar kuma tana taya shi riƙe fuskar. Gwani zai fito da hoto mai kyau da kowacce, amma wanda zai zubar saboda dishi-dishi ya fi yawa a tsohuwar.

Tagar lantarki tana da wata fa'ida: tana nuna hoton yadda zai fito tun kafin a danna. Ango cikin farar babbar riga a tsakar rana, fuskarsa a inuwar rumfa, jarrabawa ce ga kowace kyamara. Mai 5D sai ya ɗauka, ya duba allon baya, ya gyara, ya sake. Mai R6 yana gani a idonsa ko rigar ta ƙone da haske. In kuma aka zo gyara a kwamfuta, aka ɗaga duhun fuskar, hoton 5D Mark III yakan fito da yashi-yashi da layuka a wurare masu duhu, rauni ne da aka san ta da shi. Sensar R6, wadda 'yar'uwa ce ga ta EOS-1D X Mark III, ta fi jure wannan.

Da dare ma haka. Sensar R6 tana motsi a cikin jikin kyamara don ta soke rawar hannu, abin da 5D ba ta da shi sai dai a cikin wasu lens. Shotar lantarki kuma ba ta da ƙara ko kaɗan, abin so a wurin ɗaurin aure ko zaman karatu. Tana da nata aibi: ƙarƙashin wasu fitilun zamani takan zana ratsi-ratsi a hoto, abu mai gudu kuma yakan fito a karkace, don sensa tana karanta hoton layi bayan layi.

A bidiyo ba a ma haɗa su. 5D Mark III ta tsaya a ingancin 1080, kuma ba ta bin mutum da fokas yayin ɗauka, sai an juya lens da hannu. R6 tana ɗaukar 4K har firam 60 a daƙiƙa da fokas mai bin fuska. Amma da ta fito an yi ta kuka da zafin da take yi a dogon ɗaukar 4K har ta tsaya ta huce. Gyaran manhaja ya sassauta abin, duk da haka mai aiki a zafin bazara ya sa wannan a lissafi.

Lens da makomar kasuwa

Kuɗin mai hoto ya fi kwanciya a lens fiye da jikin kyamara. Canon ya fara lens na EF, waɗanda 5D ke aiki da su, a 1987, ya ƙera su fiye da shekara talatin, shi ya sa na hannu suke da yawa da araha. Lens na RF, na marasa madubi, sun fara ne a 2018, kuma manyansu da tsada. Sauƙin da aka samu shi ne, da adafta, lens na EF yana aiki a kan R6 da fokas ɗinsa cikakke. Akasin haka ba ya yiwuwa: lens na RF ba ya hawa 5D. Wanda ya fara da 5D ya tara lens na EF bai yi asara ba ranar da zai sauya.

Kamfanonin sun riga sun nuna inda suka dosa. Sony ya buɗe fagen marasa madubi masu babbar sensa da A7 a 2013, Nikon da Canon suka biyo a 2018. A ƙarshen 2021 shugaban Canon, Fujio Mitarai, ya shaida wa jaridar Yomiuri cewa EOS-1D X Mark III ce ƙarshen manyan kyamarorinsu masu madubi. A shekarar ce Nikon ya fito da Z9, wadda ba madubi kaɗai ba, har shotar ƙarfe aka cire mata.

Saboda haka zaɓi ya koma kan irin aikin. Mai shagon hoto da ke aiki da fitila, mutane na tsaye cak a gabansa, 5D Mark III za ta biya masa buƙata, rarar kuɗin ya sa a lens da fitilu. Mai haɗa hoto da bidiyo, ko mai bin wasanni da dawaki da bukukuwan dare, R6 za ta rage masa hotunan da ke kuɓucewa. Mai sayen ta hannu kuma ya fara da tambayar adadin hotunan da shota ta ɗauka, don Canon ya auna ta 5D Mark III a kan 150,000. Ya ɗauki hoton farin bango ya duba tabo a sensa, ya haska cikin lens ya nemi fumfuna, ya leƙa ramin katin ajiyar hoto na CF ya tabbatar babu tsinken da ya lanƙwashe, sannan ya gwada fokas a kan idon mutum da lens a buɗe kafin ya biya kuɗi.