Kafin a Isa Asibiti: Abin Yi Idan Numfashi Ya Sarƙe

A yawancin garuruwanmu, idan numfashin mutum ya sarƙe, ba likita ne ke fara ganinsa ba. Matarsa ce, ko mahaifiyarsa, ko maƙwabcin da ihu ya taso daga barci, sai kuma mai adaidaita sahun da aka tsayar a bakin titi. A hannun waɗannan mutane rai ke tsira ko ya salwanta, domin ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa idan ta yi minti 4 zuwa 6 ba ta sami iskar oksijin ba, alhali tafiya daga lungu zuwa asibiti ta fi haka nesa ba kusa ba.

Abu na farko shi ne a iya kallo. Ka yi masa magana, ka tambaye shi abin da ke damunsa. Idan ya ba ka amsa da cikakkiyar magana, iska tana shiga, akwai sauran lokaci. Idan kuwa kalma biyu ko uku yake furtawa ya tsaya ya yi haki, lamarin ya yi tsanani. Babban mutum mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya; wanda ya kai 30 yana cikin haɗari. Duba ramin wuyansa da tsakanin haƙarƙarinsa, ko suna lotsawa duk lokacin da ya ja iska. Littattafan da aka rubuta a Turai suna cewa fata takan yi shuɗi, amma a jikin baƙar fata wannan ba ya fitowa sosai. Harshe za ka duba, da dasashi, da cikin leɓe: idan sun yi shuɗi-shuɗi ko launin toka, jini ya rasa iska.

Akwai wata alama da ke yaudarar mutane ƙwarai. Maras lafiya ya daɗe yana fama, yana zufa, yana mutsu-mutsu, sai can ya lafa, ido ya soma lumshewa. Sai ka ji an ce, "Alhamdu lillahi, ya samu barci, a ƙyale shi ya huta." Sau da yawa ba sauƙi ba ne, gajiya ce. Tsokar ƙirji ta gaza, gurɓatacciyar iska ta taru a jini tana sa shi gyangyaɗi. Haka nan mai asma da ƙirjinsa ke ta kuka sannan ya yi tsit alhali bai daina wahala ba, iskar ce ta kusa daina wucewa. A wannan lokaci gaggawa ta fi kowane lokaci wajaba.

Yara su ne suka fi buƙatar a tsaya a kansu, don ba su iya faɗin abin da suke ji. Ciwon limoniya, wanda muke kira sanyin haƙarƙari, ya kashe yara ƴan ƙasa da shekara biyar fiye da 700,000 a duniya a 2019, kuma ƙididdigar UNICEF ta 2018 ta sa Nijeriya a kan gaba da kimanin yara 162,000. Abin takaicin shi ne, gane shi ba ya buƙatar na'ura. A bari yaro ya natsu, ba lokacin da yake kuka ba, a ɗaga rigarsa, a kalli agogon waya, a ƙirga ɗagawar cikinsa na minti ɗaya cif. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne: jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi sauri, daga wata 2 zuwa 11, 50, daga shekara 1 zuwa 5, 40. Idan kuma ƙasan ƙirjinsa yana faɗawa ciki lokacin da ya ja numfashi, ko hancinsa na buɗewa yana rufewa, ko yana gurnani, ko ya ƙi kama nono, to ba maganar zuwa kemis ba ce, ba kuma ta jiran maigida ya dawo daga kasuwa ba. Ni a ganina, wannan jiran izini ya ci yaran da ciwon kansa bai isa ya ci ba, kuma magidanci mai hankali tun yau zai gaya wa iyalinsa cewa in numfashin yaro ya canza, a tafi, a kira shi a hanya.

Yawancin ɓarnar da ake yi wa mai sarƙewar numfashi, da kyakkyawar niyya ake yin ta. Ana cika ɗaki ana salati a kansa har iskar ɗakin ta yi nauyi. Ana kwantar da shi rigingine, alhali shi da kansa zama yake nema, don a zaune huhu ya fi buɗewa. Ana ɗura masa ruwa ko madara ko rubutu, kuma wanda ke kokawa da numfashi ba ya iya haɗiya daidai, sai ruwan ya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu. Ana turara shi da hayaƙi, wanda ke ƙara matse hanyar da dama ta ƙuntata. Addu'a ba ta hana a buɗe taga, a rage jama'a, a zaunar da shi ya ɗan sunkuya gaba, a sassauta masa wuyan riga. Wanda zai yi tofi ya yi a cikin mota.

Mai asma yakan san ciwonsa, musamman da hunturu idan hazo ya sauka. Maganinsa na gaggawa shi ne abin shaƙa mai ɗauke da salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin. Jita-jitar cewa wanda ya fara shaƙa ba ya rabuwa da shi ba ta da tushe. A girgiza, a fesa sau ɗaya, ya ja numfashi kamar sau biyar, a sake, har zuwa sau 10 in ta kama. Ga yaro, robar ruwa ta rabin lita tana taimakawa: a huda gindinta daidai bakin abin shaƙar, a fesa a ciki, shi kuma ya ja ta bakin robar. Likitoci a Afirka ta Kudu sun gwada wannan dabara a 1999 suka ga tana aiki kusan daidai da irin robar da ake sayarwa a kanti don wannan aiki.

Ƙwarewa kuwa ba ta ba da lokacin neman mota. Idan ƙwayar gyaɗa ko tsokar nama ta maƙale, mutum yana tari da ƙarfi, a bar shi ya yi ta tari. Idan ya kasa tari, ya kasa magana, ya riƙe wuya, a sunkuyar da shi a buga tsakiyar bayansa da tafin hannu sau 5. In bai fito ba, a tsaya a bayansa, a dunƙule hannu a saman cibiya, a fizgo ciki da sama sau 5, dabarar da likitan Amurka Henry Heimlich ya bayyana a 1974. Jaririn da bai shekara ba ba a matsa masa ciki; kifa shi ake yi a kan hannu, kai ƙasa, a bubbuga baya sau 5, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu sau 5. Kada a zura yatsa ana lalube, tura abin ake yi ciki.

Sai makashin da ba a gani. Janareta a soro ko kusa da taga, da kaskon gawayi a ɗakin da aka rufe saboda sanyi, suna fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari, ba ta da launi, wadda ke kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya. Ba ta sa haki sosai. Ciwon kai ne, da jiri, da amai, da kasala, kuma alamarta babba ita ce mutane da yawa a ɗaki ɗaya su kamu lokaci guda. Wannan ne ke sa a wayi gari da gawar iyali sukutum a ce guba aka sa musu a abinci. A buɗe ƙofa, a fitar da kowa waje, a kashe injin, a kai su asibiti ko da sun farfaɗo. Madara ba ta wanke wannan guba, oksijin ne maganinta. Haka yaron da ya sha kananzir: kada a ba shi manja don ya yi amai, aman ne ke kai kananzir ɗin huhu.

Mai jego da ƙafafunta suka kumbura, ta kasa kwanciya sai a zaune, tana tari da dare, kada a ce sanyi ne a ƙara mata ruwan zafi da kunun kanwa. Likitoci a Zariya tun shekarun 1970 suka nuna cewa gazawar zuciya bayan haihuwa ta yi yawa a ƙasar Hausa, kuma gishirin kanwa na ƙara tara ruwa a jiki. Yaron da wuyansa ya kumbura, muryarsa ta dishe, numfashinsa na ƙara, a tuna da mashaƙo, wanda ya ɓarke a Kano da kewaye tun ƙarshen 2022. Asibiti za a kai shi, ba wurin wanzami a cire beli ba.

Idan mutum ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi a gefe ɗaya, a ɗan ɗaga haɓarsa, don kada harshe ko amai su toshe maƙogwaro. Idan ba ya numfashi, ko sai jefi-jefi yake wata irin shessheƙa, a shimfiɗa shi a ƙasa mai tauri, a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, bayan kowane 30 a hura masa iska sau 2 in an iya. Wanda aka tsamo daga kududdufi ya fi kowa buƙatar hurawar nan, kuma ba a ɓata lokaci wajen matsa masa ciki don ya amayar da ruwa.

A Nijeriya lambar gaggawa ita ce 112, a Nijar kuma 18 ke kiran ƴan kwana-kwana. A kira, amma in babu tabbacin motar asibiti za ta zo da wuri, a nemi abin hawa. Mota ko adaidaita sahu sun fi babur, don wanda ke gab da suma ba ya iya riƙe kansa. Ya zauna a jingine, wani na kusa yana kallon fuskarsa, gilashi a sauke. A nufi asibitin da aka san yana da oksijin ko da akwai ƙaramin da ya fi kusa, a tafi da duk maganin da yake sha har da kwalayensu. Da an isa, kada a bi layin yankar kati. A wuce sashen gaggawa kai tsaye a ce, "Ba ya iya numfashi," a faɗi lokacin da abin ya fara da abin da aka riga aka ba shi, har da na gargajiya.